Takardar da ta fi mawaƙi tsada

A watan Nuwamba na 2022, a birnin Dalas na ƙasar Amurka, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions ya sayar da yankin kwali guda a kan dalar Amurka 447,000, wato abin da ya haura miliyan 250 na kuɗin sefa. Kwalin yana tallar wani wasa ne da aka shirya yi ranar 3 ga Fabrairu 1959 a garin Moorhead, wasan da Buddy Holly bai kai gare shi ba, domin jirgin saman da ya ɗauko shi ya faɗi cikin daren. Watanni bakwai kafin nan, a wannan kamfani dai, fostar wasan Beatles na 1966 a filin Shea na Niyok ta tashi a kan dala 275,000. A 2021 kuma an biya dala 150,000 domin mallakar tallar wasan Hank Williams na ranar 1 ga Janairu 1953 a garin Canton, shi ma a kan hanyarsa ta zuwa can ajali ya cim masa, a bayan mota. Waɗannan farashi su ne suka ɗaga kasuwar tsoffin takardun tallar wasa gaba ɗaya, suka ja hankalin masu kuɗi zuwa ga wani sashe nata da ya daɗe yana hannun ƴan tsiraru masu sha'awa: fostocin kiɗan rhythm and blues, wanda ake taƙaita sunansa da R&B, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka na bayan yaƙin duniya na biyu.

Masu wannan sana'a suna da wata kalma da ba ta barin bakinsu, ita ce adanawa. A faɗarsu, ba don su ba da tuni ruwan sama da gara sun cinye wannan tarihi. Akwai gaskiya a cikin maganar, kuma za a ba su haƙƙinsu a gaba. Amma fa tarawa daban, adanawa daban. Wanda ya adana shaida yana ajiye ta inda mai bukata zai same ta ya karanta. Wanda ya tara kuwa yana iya kulle ta a akwatin ƙarfe shekara ashirin yana jiran farashi ya hau, kuma abin da kasuwar fostocin R&B take yi ke nan ga takardun da tun asali domin titi aka buga su.

Sai an san yadda takardar take kafin a gane girman asarar. Abin da a Yamai da Maraɗi ake kira afish, a Kano a ce fosta, a can kwali ne mai kauri, galibi faɗinsa wajen santimita 36, tsawonsa 56, wani lokaci ya fi haka girma. Ana ce wa samfurin irin na dambe, domin haka ake tallar ƴan damben zamani: manyan haruffa baƙaƙe, hoton kan tauraro an yanko shi an ɗora, sauran sunaye suna bi ƙasa gwargwadon darajar kowa. Gidan ɗab'i yakan buga jikin takardar da yawa lokaci guda, ya bar fili a sama. Duk garin da mawaƙi zai sauka, mai shirya wasan wurin ya aiko da sunan zaure da rana da kuɗin shiga, a jera haruffan katako a cike filin. Daga nan sai yara su ɗauka su bi unguwa suna kafawa da ƙusa a jikin turakun waya, suna jinginawa a tagar shagon aski da kantin magani. Rayuwarta mako biyu ce ko uku. Wasa na ƙarewa aikinta ya ƙare, wata ta hau kanta.

Gidan ɗab'in da ya fi kowane suna a wannan fage shi ne Globe na birnin Baltimo, wanda aka kafa a 1929. Tun daga shekarun 1950 ya fara shimfiɗa launuka masu ƙyalli na Day-Glo, ruwan lemo da ruwan hoda da kore shar, a ƙarƙashin baƙin rubutu, domin direban da ke wucewa da gudu ya iya karanta sunan mawaƙi daga nesa. James Brown, B.B. King, Bobby Bland, Solomon Burke, Otis Redding, Aretha Franklin, Ike da Tina Turner, duk sun bi ta injinan Globe. A Nashbil akwai Hatch Show Print tun 1879, a Los Anjalas akwai Colby, a Oakland akwai Tilghman. Ma'aikatan waɗannan gidaje ba su ɗauki kansu masu zane ba, kuma ba su sa hannu a kan aikinsu ba. Masu jera haruffa ne da ake ba oda da safe a karɓa da marece. Abin lura ne cewa kasuwar da yau take kiran aikinsu fasaha ba ta san sunan mafi yawansu ba, kuma ba ta damu ta sani ba.

To, me ke rubuce a jikin kwalin da har ya cancanci a yi faɗa a kansa? A nan ne malamin tarihi ya kamata ya buɗe ido. Sai a 1949 mujallar Billboard ta bar kiran faifan baƙaƙe da sunan faifan launin fata, ta ɗauki kalmar rhythm and blues da ɗan jarida Jerry Wexler ya kawo. Suna ya sauya, doka ba ta sauya ba. Har zuwa dokar ƴancin ɗan ƙasa ta 1964, a jihohin kudu baƙi da fari ba sa zama wuri ɗaya, ba sa rawa a fili ɗaya. Mawaƙan R&B suna yawo ne a wani zagaye nasu na kansu da ake kira Chitlin' Circuit, sunan da aka aro daga hanjin alade, abincin talakan baƙar fata na kudu. Manyan matsayansa sanannu ne: Apollo a unguwar Harlem ta Niyok, Howard a Washinton, Royal a Baltimo, Uptown a Filadelfiya, Regal a Shikago. Amma tsakanin waɗannan akwai ɗaruruwan ƙananan wurare, daga zauren ƙungiyar ƴan'uwa zuwa ɗakin atisayen soja zuwa rumbun ajiyar taba da aka share domin dare guda. Jaridun farar fata ba su ba da labarin irin wannan rawa. Jaridun baƙaƙe kamar Chicago Defender da Pittsburgh Courier da Afro-American ta Baltimo suna ƙoƙari, amma ba za su iya bin kowane ƙauye ba. A wurare da dama, kwalin nan shi kaɗai ne shaidar cewa wane ya yi wasa a gari kaza ran kaza.

Kuma shaidar ba ta tsaya ga sunan mawaƙi ba. A ƙasan takardar ana jera wuraren da za a sayi tikiti tun kafin ranar: shagon aski na wane, kantin magani na wane, mai sayar da faifai, gidan abinci. Wanda ya jera fostocin gari ɗaya na shekara goma zai fitar da taswirar kasuwancin baƙaƙen garin, titi bayan titi. Akwai kuɗin shiga, na gaba da na bakin ƙofa. A tallar babban wasan da Alan Freed ya shirya a Cleveland ranar 21 ga Maris 1952, Moondog Coronation Ball, dala ɗaya da rabi ne ga wanda ya saya da wuri. Sannan akwai wani ɗan layi da ke fitowa a fostocin kudu da yawa, cikin ƙananan haruffa, yana sanar da cewa an keɓe wuri domin ƴan kallo farar fata. Wato a rawar baƙaƙe, fari zai iya biyan kuɗi ya hau bene ya yi kallo, amma ba zai sauko ba. A wani wasan kuma akasin haka ne, fili na farare, bene na baƙaƙe. Irin wannan tsari ne ya sa Ray Charles ya fasa wasan da zai yi a zauren Bell na garin Augusta a watan Maris na 1961, bayan ɗaliban kwalejin Paine sun sanar da shi yadda za a raba mutane. Mai shirya wasan ya kai shi ƙara, kotu ta ci shi tarar dala 757. Ba littafin makaranta da zai nuna wa yaro mene ne wariyar launin fata kamar wannan ɗan layi a ƙasan hoton mawaƙi mai murmushi.

Wani abin kuma, mafi yawan fostocin nan ba su ɗauke da shekara. Suna cewa Asabar, 14 ga wata kaza, shi ke nan, domin wanda aka buga wa takardar ya san shekarar da yake ciki. Mai bincike sai ya nemi shekarun da wannan kwanan wata ya faɗa ranar Asabar, ya dubi sunayen waƙoƙin da aka rubuta kusa da hoton mawaƙi, ya gwada da lokacin fitowar faifansu, sannan ya tsayar da shekara. Aiki ne mai daɗi, irin wanda malami zai iya ba ƴan aji su yi da kalanda a hannu. Amma ba ya yiwuwa da takarda ɗaya tilo. Sai an ajiye su kusa da juna, ta Augusta da ta Macon da ta Savannah, a ga yadda motar makaɗa ta bi hanya, a ga inda aka cire wani daga jeri. A rangadin Biggest Show of Stars na 1957, wanda ya haɗa Fats Domino da Chuck Berry da LaVern Baker da Clyde McPhatter da wasu matasa farar fata irin su Paul Anka da Everly Brothers, akwai biranen kudu da aka sauke fararen daga jerin masu wasa, domin doka ta hana baƙi da fari hawa dandali ɗaya. Wannan labari yana tsakanin fosta da fosta ne. Gwanjo kuwa aikinsa rarrabawa: wannan ta tafi Kalifoniya, waccan Landan, wata Tokiyo, kowace a bangon wani gida da ba wanda zai shiga sai baƙon mai gida.

Sai a dubi ma'aunin da kasuwar take auna daraja da shi. Na farko, lafiyar takarda. Ana ba ta maki kamar ɗan jarrabawa, akwai ma kamfanonin da aikinsu ke nan, su duba, su ba da lamba, su like ta cikin roba. Tsagewa tana rage maki, haka tabon ruwa, haka launin da rana ta dusashe. Ma'anar wannan ita ce fostar da ta yi aikinta, ta kwana a turke, ta sha iska da yayyafi, ɗaruruwan mutane suka karanta ta suka tanadi kuɗin shiga, ita ce mai rauni. Wadda aka manta a bayan shago ba wanda ya taɓa gani, ita ce sarauniya. Daga nan aka sami sana'ar masu gyara, masu cike ramin ƙusa da shafe lissafin da mai shago ya yi da fensir a baya. Abin da suke gogewa shi ne ainihin abin da mai tarihi yake nema.

Na biyu, kuma shi ya fi muni, mutuwa. Biyu daga cikin takardu uku da aka ambata a farko na wasannin da taurarinsu ba su kai ba ne. A fagen R&B ma haka abin yake: cikin fostocin Otis Redding, wadda ta fi yin suna ita ce ta wasan da zai yi a wani kulob na garin Madison ranar 10 ga Disamba 1967, ranar da jirginsa ya faɗa tafkin Monona da shi da huɗu daga cikin makaɗan Bar-Kays. Yana da shekara 26. Mutumin da ya yi ɗaruruwan wasanni, ya jiƙa riga da gumi daga Macon har Paris, abin tunawarsa mafi farin jini a wurin masu saye shi ne tallar daren da bai buɗe baki ba. Ko me za a kira wannan sha'awa, ba son kiɗa ba ne.

Na uku, suna, kuma sunan da masu kuɗin yau suka sani. Shi ya sa saman jadawalin farashi a 2022 yake hannun Buddy Holly da Beatles da Hank Williams, alhali Beatles da kansu ba su taɓa ɓoye cewa a wurin Chuck Berry da Little Richard da mawaƙan Motown suka yi karatu ba. Fostar da ke ɗauke da mawaƙa baƙaƙe goma takan ƙara daraja idan aka tsinci sunan wani saurayi fari a can ƙasa wanda daga baya ya shahara. Wariyar da ke rubuce a jikin takardar ta biyo ta har ɗakin gwanjo.

Su kuma mutanen da hotunansu ke kan kwalin, me suka samu? Ruth Brown ta sayar wa kamfanin Atlantic faifai a shekarun 1950 har ana yi wa kamfanin kirari da gidan da Ruth ta gina. Bayan tauraronta ya dusashe ta yi aikin gida, ta tuƙa motar ƴan makaranta, littattafan kamfanin kuma suna nuna wai ita ake bi bashi. Sai a shekarun 1980, da taimakon lauya Howell Begle, ta tilasta aka sake lissafi, kuma daga wannan gwagwarmaya aka kafa gidauniyar Rhythm and Blues Foundation a 1988, da gudummawar da ta haura dala miliyan ɗaya daga Atlantic. Big Mama Thornton, wadda ta fara rera Hound Dog a 1952, shekara huɗu kafin Elvis Presley, ta sha faɗin cewa dala 500 kaɗai ta gani. Ta rasu a 1984 a wani gidan haya na Los Anjalas. Jackie Wilson ya yanke jiki ya faɗi a kan dandali a 1975, ya yi shekara takwas yana jinya, ya rasu a 1984, kabarinsa ya zauna ba ko alama har 1987 da masoya suka yi karo-karo. Mary Wells, tauraruwar Motown ta farko, da ciwon dajin maƙogwaro ya kama ta a 1990 ba ta da inshorar lafiya, sai da abokan sana'a suka tara mata. Duk waɗannan sunaye suna cikin kundin kamfanonin gwanjo, da kyakkyawan hoto da bayani mai daɗi.

Mai tarawa zai ce ba shi ya cuce su ba, kuma bisa doka ya faɗi daidai. Takardar ta mai shirya wasa ce, shi ya biya gidan ɗab'i. Mawaƙi bai taɓa mallakarta ba, balle magadansa. Amma wanda ya tsaya a nan ya daina kiran kansa mai kishin tarihi. Ba zai yiwu a kafa darajar kaya a kan labarin wahalar mutane, a rubuta a kundin gwanjo yadda suka kwana a mota domin masauki ya ƙi karɓarsu, yadda aka kama Sam Cooke a Shreveport a 1963 bayan an hana shi ɗaki, yadda aka far wa Nat King Cole a kan dandali a Birmingham a 1956, a yi amfani da duk wannan wajen ɗaga farashi, sannan in an zo maganar haƙƙi a ce ai kwali ne kawai. In kwali ne kawai, a sayar da shi farashin kwali.

Yanzu ga haƙƙin da aka yi alkawarin ba su. Gaskiya ne, a lokacin da ya kamata a adana waɗannan takardu, hukumomin da aikinsu ke nan barci suke yi, ko kuma ba su ɗauki abin baƙaƙe a bakin komai ba. Ba fostoci kaɗai aka zubar ba, unguwannin ma an share su. An rushe Royal a 1971, Regal a 1973. Titin Hastings na Detroit, zuciyar kiɗan garin, babbar hanyar mota ta bi ta kansa. Haka aka yi wa Overtown a Miyami, haka aka sare itatuwan titin Claiborne na New Orleans aka ɗora gadar sama a ƙarshen shekarun 1960. Ɗakin ɗaukar waƙa na Stax a Memfis, inda Otis Redding ya yi aiki, an baje shi a 1989, sai a 2003 aka sake gina kwatankwacinsa a matsayin gidan tarihi. Babban gidan tarihi da al'adun baƙaƙen Amurka na Washinton bai buɗe ba sai 2016, na kiɗansu da ke Nashbil sai 2021. A cikin wannan dogon sakaci, ɗaiɗaikun mutane ne suka bi gidajen tsoffin masu shirya wasa da shagunan da za a rufe, suka ɗauko kwalaye daga bakin juji. Wasunsu sun yi bincike na gaske, sun rubuta littattafai, sun ba gidajen tarihi aro. Waɗannan sun cancanci godiya, kuma ba da su ake wannan magana ba.

Sai dai ceton da aka yi jiya ba ya halatta kullewar yau. Hasali ma hauhawar farashi ta juya aikin ceton baya: ɗakin karatun ƙaramar kwalejin baƙaƙe a kudu, ko ƙungiyar tarihin unguwa, waɗanda su ne suka fi kowa bukatar takardar garinsu, ba su da abin da za su yi takara da shi a gwanjo. Iyalin da suka tsinci tarin kakansu a ɗaki, da a da za su miƙa wa ɗakin karatu, yau dillali ne yake riga kowa zuwa ƙofarsu, kuma ba mai zarginsu in sun sayar.

Ɓoyon ya haifi wata cuta, ita ce jabu. Intanet cike take da fostocin R&B na ƙarya, an buga su jiya an shafa masu tsufa. Wasu kwafin na gaske ne, wasu kuwa ƙirƙira ce tsagwaronta: an haɗa mawaƙan da ba su taɓa hawa dandali ɗaya ba, a zauren da ba su taɓa shiga ba, a ranar da ba ta dace da kalanda ba. Ana rataye su a gidajen abinci, ana ɗaukar hotonsu, ɗalibi ya tsince su ya sa a aikinsa. Masu takardun gaskiya da yawa suna ƙin fitar da hoto mai kyau na abin da ke hannunsu, wai kada maƙaryata su kwafa. Sakamakon shi ne na ƙarya ya cika gari, na gaske yana cikin duhu, kuma ba wanda zai iya bambancewa sai ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗin tantancewa.

Wannan batu bai yi nisa da yammacin Afirka kamar yadda ake zato ba. Kiɗan nan ya ratso teku: James Brown ya yi wasa a Legas da wasu biranen Najeriya a 1970, kuma ranar 6 ga Maris 1971 Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Staple Singers sun tsaya a dandalin Black Star na Akra a wasan Soul to Soul. Hotunan Malick Sidibé na matasan Bamako rungume da faifan James Brown, da na Philippe Koudjina na daren Yamai, shaida ne a kan yadda samarin lokacin suka karɓe shi. Faifan da makaɗan yankin suka yi cikin wannan zazzaɓi, tuni masu tarawa daga Turai da Amurka da Japan suka bi kasuwanni suka kwashe su kwali-kwali, da hujja iri ɗaya, cewa ba mai kula da su. Afish ɗin gasar Ɗan Gurmu ta Tawa, ko na kokowar gargajiya, ko na wasan kwaikwayon samariya a gidan matasa, takarda ce irin ta Globe: suna, rana, wuri, kuɗin shiga, da wanda ya ɗauki nauyi. Ƙungiyar da ta buga ɗari ba ta ajiye biyu a kabad ɗinta da shekara rubuce a baya ba, ta bar wa dillalin da zai zo nan da shekara talatin.

Abin da ake nema daga masu tara fostocin R&B ba kwace ba ne, kuma ba mai wuya ba ne. Wanda ya mallaki takarda ya ɗauki hotonta gaba da baya, ya rubuta inda ya same ta da hannun da ta bi, ya miƙa wa ɗakin karatun garin da aka yi wasan. Kamfanin gwanjon da ke karɓar kasonsa daga mai saye da mai sayarwa ya ware wani abu ga asusun tallafa wa tsoffin mawaƙa, tunda asusun yana nan tun zamanin Ruth Brown. A daina goge rubutun fensir da toshe ramin ƙusa. Ba ɗaya cikin waɗannan da zai rage wa mai kaya ko sisi. Hoton da aka yaɗa da cikakken tarihi ma shi ne ke kashe kasuwar jabu.

Cewa wata hanya tana yiwuwa, an gani a Baltimo. Iyalin Cicero, waɗanda suka sayi Globe a 1975, sun ci gaba da buga tallar kiɗan go-go na Washinton da na hip-hop har lokacin da hukumomin birane suka tsananta hana kafa takarda a turke, kwamfuta kuma ta karɓe sauran aikin. Sun rufe a ƙarshen 2010. Masu saye sun kewaye su, kuma da an bi hanyar gwanjo da haruffan katako sun watsu ɗaya ɗaya a matsayin kayan ado na falo. A 2011 kwalejin fasaha ta Maryland, MICA, ta sayi mafi yawan kayan a dunƙule: akwatunan haruffa, dubban faranta masu hoton mawaƙa, zanen farko, da fostocin kansu. Bob Cicero ya bi kayan zuwa kwalejin ya zama mai koyarwa. Ana jera tarin ana lissafa shi domin masu bincike, ɗalibai kuma suna ɗauko haruffan da suka rubuta sunan James Brown, su shafa masu tawada, su buga tallar wasannin garin da sanarwar zaɓe. A Nashbil ma, Hatch Show Print tana ƙarƙashin gidan tarihin kiɗan country tun 1992, injinanta suna aiki, kuma baƙo yana iya tsayawa bayan gilashi ya kalli yadda ake jera haruffa da hannu.